Jirgin da Ba a Tuƙa Shi: Rayuwata da Ƙananan Jiragen Roba a Zariya

An haife ni a Tudun Wadan Zariya, a nan na yi karatu, a nan kuma na koyar da zanen fasaha a makarantun sakandare har na ajiye aiki. Duk da haka, idan baƙo ya shigo unguwarmu yana neman malamin zane zai daɗe yana tambaya, amma da ya ce mai jirage, ƙaramin yaro ma zai kawo shi ƙofar gidana. Tun ina ɗan makaranta nake ƙera ƙananan jiragen sama na katako da takarda, irin na da, waɗanda ake murɗa musu roba a sake su, su hau sama, su yi shawagi, su sauko da kansu, ba rimot, ba igiya, ba batir. Mutane da yawa suna ɗaukar abin wasan yara ne, shi ya sa na ga ya dace in ba da shaidar abin da na gani a cikinsa da bakina.

Yaron da ya tashi a Zariya a zamaninmu ya tashi ne da ƙarar jirgi a kunnensa. A shekarar 1964 aka kafa makarantar horar da matuƙa jirgin sama a nan garin, a wajen Palladan, kan hanyar Samaru, kuma ƙananan jiragen da ɗalibai ke koyon tuƙi da su kan wuni suna kewaya samanmu. Da an yi girbi sai mu tara karan dawa, mu fere ɓawon, mu soka shi cikin ɓargon karan, mu haɗa motoci da jirage. Jiragenmu suna da fukafukai da taya da farfela, wasu har da tagogi, amma babu wanda ya taɓa tashi. In ka jefa shi, ko dai ya kifa da hanci nan take, ko ya wuntsila ya faɗo ta baya. Mun ɗauka rashin inji ne.

Wanda ya raba ni da wannan zato wani dattijo ne kafinta a Samaru, abokin mahaifina, wanda muke kira Baba. Ya yi aiki a ɗakin kafintoci na jami'a tun farkon kafa ta, kuma a can ya haɗu da wani Baturen Ingila malami mai sha'awar irin waɗannan jirage. Da Baturen zai koma gida sai ya bar masa damin balsa, wani katako marar nauyi da ake ƙera waɗannan jirage da shi, da tsofaffin mujallun Aeromodeller, da zanen jirage a naɗe cikin kwali. Wata rana mahaifina ya aike ni gidansa da saƙo, sai na tarar da ƙashin fiffike a kan teburinsa, an danne shi da fil a kan zane. Na tsaya ina kallo har na manta da abin da ya kawo ni. Baba ya ɗago kai ya ce, “Ɗan nan, kana so ka taɓa ne?” Na ce, “I, Baba.” Ya ce in wanko hannuna tukuna. Da ya ɗora mini fiffiken a tafi, tsawonsa ya kusa kai hannuna daga kafaɗa zuwa yatsu, amma ban ji nauyinsa ba sai da na dube shi na tabbatar yana nan.

Jirgin da yake haɗawa sunansa Senator, ƙirar wani Albert Hatfull ce, wanda kamfanin Keil Kraft na Ingila ya riƙa sayarwa a kwali bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Shi ne jirgin farko da na haɗa da hannuna, kuma har yau shi nake ba duk wanda ya fara ƙwarewa. Aikin yana farawa da shimfiɗa zanen a kan allo mai laushi, a rufe shi da takarda mai maiƙo don kada gam ya kama shi. Sai a yanka siraran sandunan balsa, kaurinsu bai wuce na tsinken ashana biyu ba, a jera su daidai kan layin zanen, a tokare su da fil ta gefe. Baba bai yarda a soka fil a cikin sandar ba, domin a nan za ta karye ranar da jirgin ya bugi ƙasa. Ana haɗa gefen gangar jiki ɗaya, a haɗa na biyu a kansa don su fito iri ɗaya, sannan a raba su da reza a tsayar da su a haɗe da ƙananan sanduna. Haƙarƙarin fiffike kuwa ɗaya bayan ɗaya ake yanka su, a tara su wuri guda a goge da samfefa har su daidaita. Bayan ƙashin ya kammala sai a lulluɓe shi da takarda shara-shara, a fesa mata ruwa kaɗan. Idan ta bushe sai ta ɗame kamar fatar kalangu, sannan a shafa mata wani ruwan fenti mai kama da man farce wanda aka sirka da tina, don ya toshe ƙofofin da iska ke bi.

Na ɗauka da an gama wannan an gama jirgi. Baba ya ce yanzu ma aka fara, kuma gaskiya ya faɗa, domin saiti shi ne zuciyar wannan aiki. Da asuba muka fita wani fili mai doguwar ciyawa, lokacin ko ganye ba ya motsi. Bai murɗa robar ba. Ya ɗora jirgin a kan yatsu biyu a ƙarƙashin fiffike ya nuna mini inda nauyinsa ya daidaita, sannan ya durƙusa ya tura shi a hankali, hancin na kallon ƙasa kaɗan. Jirgin ya ɗaga hanci, ya tsaya cak, ya faɗa, ya sake ɗagawa. Baba ya yago ɗan kwalin ashana ya saka a ƙarƙashin gaban jelar, ya sake turawa. A wannan karon jirgin ya miƙe sumul, yana sauka a hankali, har ya kwanta a kan ciyawa can nesa da mu. Kwalin da ya saka bai kai kaurin farce ba. Na daɗe ina juya wannan al'amari a raina, cewa abin da ya raba jirgi mai tashi da marar tashi bai fi wannan ba.

Daga baya, da na yi karatun zane da lissafi, na fahimci dalilin. Jirgin da babu matuƙi a cikinsa dole ne ya zama mai gyara kansa. Ana ɗaga bakin fukafukansa sama kaɗan daga tsakiya, ta yadda idan iska ta karkata shi ya fara zamewa gefe, fiffiken da ke ƙasa zai fi samun ɗagawa, sai jirgin ya koma daidai. Ana kafa fiffike da kusurwa da ta ɗara ta jela da kimanin digiri 3, a kuma ajiye cibiyar nauyi inda ya kamata, saboda idan ya kifa gudunsa ya ƙaru hancin ya ɗago, idan kuma ya ɗaga hanci fiye da kima gudun ya ragu ya sunkuyo. Farfela ma tana da nata rigimar: yayin da take juyawa dama, tana murɗa gangar jirgin zuwa hagu, ga shi kuma ƙarfin roba ya fi yawa a sakan ɗin farko. Maganin shi ne a karkatar da hancin da ke riƙe da farfelar ƙasa kaɗan da dama kaɗan, a nan ma da ɗan siririn katako. Sannan a lanƙwasa tsayayyar jela ƙiris don jirgin ya riƙa kewayawa, in ba haka ba zai miƙe ya bar gari. Duk umarnin da mai jirgi zai bayar, a kan teburi da wajen saiti yake bayar da shi. Da ya buɗe hannu, ikonsa ya ƙare, saura kallo. Wannan shi ne abin da ya riƙe ni a cikin aikin har tsufa, domin jirgin ba ya ɓoye komai: duk abin da ka yi da kyau zai nuna a sama, duk inda ka yi gaggawa shi ma zai nuna.

Ilimin ba sabo ba ne, kuma ya girmi jirgin da ke ɗaukar mutane. A shekarar 1871 wani Bafaranshe mai suna Alphonse Pénaud ya saki ƙaramin jirgi mai aiki da murɗaɗɗiyar roba a wani lambu a birnin Paris, ya tashi na kimanin sakan 11 a daidaice, kuma dabarar fiffike da jela da na bayyana tana jikinsa. A shekarar 1878 wani uba a Amurka ya kawo wa 'ya'yansa abin wasa mai farfela da roba wanda aka yi bisa ƙirar Pénaud ɗin. Yaran su ne Wilbur da Orville Wright, waɗanda jirginsu mai inji ya tashi da mutum a ranar 17 ga Disamba, 1903, tashin farko na sakan 12. Nakan gaya wa ɗalibaina wannan duk lokacin da wani ya raina robar da ke hannuna.

Roba tana da ladabinta. Ba a murɗa ta a bushe, sai an shafa mata mai, kuma ba kowane mai ba, domin man inji da na fetur cinye ta suke yi. Baba yana amfani da man zurma, wani lokaci gilisarin da sabulu mai laushi. Mutum ɗaya ya riƙe jirgin, ɗaya ya zaro robar ta hanci ya ja ta har ta ninka tsawonta sau uku ko huɗu, ya fara murɗawa da ƙaramin injin huda katako na hannu da aka sa wa ƙugiya, yana matsowa sannu a hankali yana ƙirga juyi. Robar da aka ja kafin murɗawa tana ɗaukar juyi fiye da wadda aka murɗa a kwance. Hannu ne ke gane lokacin tsayawa, domin akwai inda robar ke ƙanƙamewa ta yi tauri, kuma wanda ya wuce nan zai ji ta tsinke a cikin gangar jirgin ta farfasa aikin mako guda. Zafin Zariya ma abokin gabarta ne. Robar da aka bari a rana ko a ƙarƙashin rufin kwano takan tsufa ta tsattsage, don haka tawa a cikin gwangwani mai murfi nake ajiye ta, a gindin randa.

Balsar da Baturen ya bari ba ta dawwama ba. Itace ne na ƙasashen Amurka ta Kudu da ta Tsakiya, mafi yawan wanda ake sayarwa a duniya daga Ekwado yake fitowa, kuma nauyinsa bai kai rubu'in na maɗaci ba. Bayan rasuwar Baba, Allah ya jiƙansa, zane da mujallun suka dawo hannuna, amma katako babu. Shekaru na yi ina gwada abin da ƙasarmu ke da shi. Na karanta cewa balsa dangin rimi ce, abin da ya faranta mini rai ƙwarai, tun da Zariya garin rimaye ce. Katakon rimi yana da sauƙi, yana karɓar wuƙa, na sassaƙa farfela da hanci da shi sun yi kyau, amma bai kai balsa sauƙi ba, kuma siririyar sandarsa ba ta da ƙarfin da ake bukata. Ɓargon tukurwa, wanda masu kejin tsuntsaye ke aiki da shi, shi ne ya fi kusa: idan ya bushe sosai aka yanka shi falle-falle da sabuwar reza, yana ba da haƙarƙari mai kyau. Ɓawon gora da aka tsaga siriri yana lanƙwasuwa a kan wuta ya zama bakin fiffike. Jirgin da aka yi da waɗannan ya fi na balsa nauyi, saboda haka ya fi gudu kuma bai cika daɗewa a sama ba, amma yana tashi, kuma yaron da ba shi da ko sisi zai iya haɗa shi. Roba ce kawai ban sami madadinta ba. Robar tif ɗin keke tana ɗaga ƙaramin jirgi na ɗan lokaci, amma ba ta ɗaukar juyi, sai dai in roƙi masu tafiya waje su taho mini da ta ainihi. Yanzu ana iya yin odar balsa da roba da takarda ta intanet, sai dai kuɗin jigila yakan fi na kayan.

Abin da ban zata zan koya ba shi ne iskar garinmu. Wanda jirginsa bai kai nauyin ƙwan kaza biyu ba dole ya san iska fiye da kowa. Da damina takarda tana shan raɓa ta saki, jirgin ya yi nauyi. Da hunturu kuwa bushewa takan ɗame takardar har ta murɗe fiffike, saitin jiya ya ɓaci yau, don haka nake danne fukafukaina a kan allo da dare, nake kuma fesa wa takarda ruwa tun tana kan firam kafin in lulluɓa, don ta gama ƙanƙancewarta. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, takan kwanta da asuba ta tashi da hantsi. Lokacin da na fi so shi ne ƙarshen damina zuwa farkon kaka, sararin sama garau, ciyawa da sauran laushi. Bayan girbi fili yana buɗewa, amma tushiyar kara tana huda takarda.

Sai kuma iska mai hawa. Idan rana ta gasa jar ƙasa ko dutse irin na Kufena, iskar da ke kansu takan yi zafi ta tashi sama a dunƙule, ita ce shirwa ke hawa tana kewayawa ba tare da kaɗa fiffike ba. A da har da ungulu muke dubawa, amma yanzu sai a daɗe ba a ga ko ɗaya ba, abin da ke damuna. Alamarta a ƙasa ita ce iska ta ɗauke ɗif, ka ji ɗumi a wuya, sannan wata mai sanyi ta biyo baya. A cikin wannan ɗumin ake sakin jirgi. Masu wannan wasa a Turai suna hura kumfar sabulu don su ga inda iska ta nufa. Ni audugar rimi nake saki, in na ga ta miƙe sama maimakon ta bi gefe, to lokaci ya yi.

A irin wannan yanayi ne na ga abin da ba zan manta ba, a wani fili da ke bayan Bomo. Roba ta ƙare, farfela tana juyawa a sake, jirgin ya kamata ya fara saukowa, amma sai ya ci gaba da hawa yana kewayawa, shirwa biyu a samansa. Muka bi shi da gudu ni da ƙanena, ta gonaki da kwari, har ya zama ɗigo, har ido ya gaza. Na koma gida da farin ciki da baƙin ciki a haɗe. Al'adar masu wannan jirgi ce su rubuta suna da unguwa a jikinsa, kuma Baba ya sa na rubuta da boko da ajami. Bayan kwanaki sai ga wani dattijo Bafillace da ɗansa a ƙofar gida, jirgin a naɗe cikin zane. Yaron ne ya tsince shi a kan ƙaya yana kiwo, wani malami a ƙauyensu ya karanta musu ajamin. Na ce, “Baba, sannunku da hanya, Allah ya saka da alheri.” Ya ce shi ba lada ya zo nema ba, so yake ya ga yadda abin ke tashi, domin ɗansa ya rantse babu inji a ciki kuma shi bai yarda ba. Na liƙe inda ƙaya ta yaga, muka fita bayan gari da la'asar, na ba yaron ya saki da hannunsa. Dattijon ya bi jirgin da ido har ya sauka, yana ta faɗin ikon Allah.

Masu ƙira na da sun samo maganin irin wannan ɓata. Ana ɗaure jelar ta baya da ƙaramar roba, a maƙala lagwani a jikinta, a kunna kafin a saki. Bayan minti biyu ko uku wutar ta cinye robar, jelar ta ɗage sama kimanin digiri 45, jirgin ya daina shawagi ya sauko a kwance a hankali. Dabara ce mai kyau, amma a ƙasarmu da rani ina tsoronta, domin tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye karan wani ko harawarsa. Ko da yake ana saka lagwanin cikin ɗan bututun ƙarfe da ke kashe shi, ni na daina kunna wuta daga kaka zuwa saukar ruwa. Ina amfani da ɗan injin agogo da nake cirowa daga motocin wasan yara irin waɗanda ake murɗawa, wanda ke sakin zaren jelar idan ya gama juyawa.

'Ya'yana sun sha tambayata me ya sa ban koma jirgin rimot ko maras matuƙi irin na zamani ba. Ban raina su ba, na ga amfaninsu wajen ɗaukar hoto da auna gona. Amma a da yawa daga cikinsu kwamfuta ce ke gyara kuskuren ƙira sau da yawa a kowane sakan, mai riƙe da rimot bai san ma an yi ba. Tsohuwar ƙira ba ta da wannan rufin asiri, kuma mutanen da suka zana ta da fensir sun kai matuƙa. Gasar Kofin Wakefield ta jiragen roba, wadda aka fara a Ingila a 1928, tana nan har yau a ƙarƙashin hukumar wasannin sama ta duniya. A gasar 1939 wani Ba'amurke mai suna Dick Korda ya saki jirginsa ya shiga iska mai hawa ya yi fiye da minti 40 a sama, ya ci kofin. Irin wannan ne ya sa daga baya aka sa iyaka ga lokacin da ake ƙirgawa, galibi minti 3 a kowane tashi, don kada sa'a ɗaya ta rinjayi ƙwarewa. A yau robar jirgin gasar ba ta wuce giram 30, amma akwai ƙungiyoyi a Amurka da Ingila da suka keɓe kansu ga ƙirar da, suna haɗa ta yadda aka zana ta ba ƙari ba ragi, kuma ni ra'ayinsu nake bi.

Zamani ya canza, filayen da muka yi wasa a cikinsu sun zama gidaje, kuma saboda halin tsaro mutane suna da dalilin tsorata da duk abin da ke yawo a sama. Ba na zuwa ko kusa da filin jirgi ko barikin soja. Duk inda zan saki jirgi sai na fara gaida mai unguwa da mai gona, na miƙa musu shi su juya, su ga takarda ce da roba. Ban taɓa samun wanda ya hana ni ba bayan ya riƙe shi a hannu.

Yanzu ranar Asabar yaran unguwa suna taruwa a zaurena, maza da mata, har da jikokina. Ba na fara su da Senator. Kowa yana fara ne da ƙaramin jirgi marar farfela na tukurwa da kwali, kuma ba na ba shi roba sai ya iya sa shi ya sauka sumul da ɗan kwalin ashana da ƙwallon danƙo a hanci. Wasu sukan gaji su tafi, waɗanda suka tsaya kuwa hannunsu yana natsuwa, har iyaye su lura. Wata yarinya a cikinsu ta fi kowa ido wajen gane murɗaɗɗen fiffike, tana ɗaga shi ta leƙa ta baya ta faɗi gefen da ya kauce kafin in ɗauko ma'auni. Ita na ba aikin yanka haƙarƙarin jirgin Korda, wanda zanensa ke shimfiɗe a kan teburina yanzu, faɗin fiffikensa ya haura mita ɗaya. Gangar jikin ta kammala, farfelar rimi tana jiran samfefa, robar kuma tana hanya. Idan Allah ya kai mu ƙarshen damina, a wani fili da ke hanyar Shika za mu fara saitinsa, mai gonar ya riga ya ba mu izini.